Kama Da Wane: Yayin Shigar Mutanen Da Ke Cikin Shahararrun Zane-zane

Masu iya magana sun ce kama da wane ba wane ba ne, amma duk da haka da wuya a samu mutumin da ba ya jin ɗan daɗi a ransa idan aka ce ya yi kama da wani sananne. Abin da muka saba ji a nan shi ne a ce wance ta ɗebo kakarta sak, ko kuma wane da wani ɗan wasan fim kamar an tsaga kara. A ƙasashen Turai da Amurka kuwa, inda ake kai yara gidajen adana zane-zane tun suna firamare, akwai wani nau'in kamanni da ya fi wannan armashi a wurinsu, wato a ce mutum ya yi kama da wani da aka zana da hannu shekaru ɗari uku ko huɗu da suka shuɗe. Wanda aka faɗa wa haka ba ya barin maganar ta wuce a banza. Da zarar an kira wata walima ta shigar raha, ko bikinsu na Halowin na ƙarshen watan Oktoba ya zo, sai ya nemi suturar da ke jikin mutumin cikin zanen ya saka, ya tsaya irin tsayuwarsa, a ɗauke shi hoto.

Da can wannan al'ada ta masu zuwa gidajen tarihi ce kaɗai, amma wayar salula ta fito da ita fili. A watan Janairun 2018 wata manhaja ta kamfanin Google mai suna Arts & Culture ta zama abin yayi a Amurka, saboda mutum yana iya ɗaukar hoton fuskarsa, ita kuma ta laluba dubban zane-zanen da ke gidajen tarihi na duniya, ta fito masa da wanda ya fi kama da shi, har da makin kamannin a bisa ɗari. Kamfanin ya ce cikin 'yan kwanaki kaɗan an ɗauki hotuna sama da miliyan 30. Sai dai tun ba a je ko'ina ba ƙorafi ya taso daga baƙaƙen fata da mutanen Asiya, domin su 'yan zane-zane ƙalilan manhajar take ta juya musu, kuma sau da yawa na bayi ne ko barori, ko wasu da ko suna ba a rubuta musu ba. A ganina ba na'urar ce mai babban laifi ba. Abin da ta tarar a rumbu shi take aunawa, kuma rumbun na Turawa ne, masu kuɗinsu da sarakunansu suka cika shi da fuskokinsu.

Shekaru biyu bayan haka annobar korona ta zo, aka kulle kowa a gida, gidajen tarihin ma aka garƙame su. A watan Maris na 2020 wata mata a ƙasar Holan ta buɗe shafi a Instagram inda mutane ke kwaikwayon shahararrun zane-zane da tarkacen gida, sannan gidan tarihi na Getty da ke birnin Los Angeles ya ɗauki abin ya yayata shi, da sharaɗi mai sauƙi: ka zaɓi zanen da kake so, ka nemi kaya uku a cikin gidanka, ka kwaikwaye shi. Nan fa aka ga abin dariya da abin mamaki. Tawul ya zama rawani, labule ya zama alkyabba, takardar goge hannu ta zama wuyan rigar sarakunan Sifen, karnuka da kyanwoyi kuwa sun sha ɗaurin kai ba da son ransu ba. A ƙasar Rasha wani zaure da aka buɗe a Facebook don wannan wasa ya tara mutane sama da rabin miliyan.

Abin da wannan yayi ya nuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne cewa fuska ita ce mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da ke sa a ce mutum ya yi kama da na cikin zane. Ƙyalle, da tsayuwa, da inda haske ya faɗo, su ne ke yin aikin. Kuma tunda sutura ce ake ara, ya kamata mai ara ya san ta wace ce, da dalilin da ya sa mai ita ya saka ta.

Mu ɗauki zanen da ya fi kowane shan kwaikwayo a wancan lokaci, wato na yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u. Johannes Vermeer, mutumin garin Delft na ƙasar Holan, shi ya zana shi wajen shekarar 1665. Ɗan ƙaramin zane ne, tsawonsa bai kai rabin mita ba, kuma yana gidan tarihi na Mauritshuis a birnin Hague. Mai zanen bai ci gajiyarsa ba, domin ya mutu a 1675 yana da shekara 43, ya bar wa matarsa bashi da 'ya'ya goma sha ɗaya, sunansa kuma ya kusa ɓacewa har tsawon kusan ƙarni biyu. Da aka kawo zanen gwanjo a 1881, ya yi dauɗa ƙwarai, wani mai tara kayan tarihi da ake kira des Tombe ya saye shi a kan gilda biyu da 'yan sulalla, kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, daga baya ya bar wa gidan tarihin shi a wasiyya. Littafin ƙagaggen labari da Tracy Chevalier ta wallafa a 1999, da fim ɗin da aka yi daga littafin a 2003, su suka ƙara masa suna, har mutane da yawa suka ɗauka yarinyar baranya ce a gidan Vermeer. Wannan ƙirƙirar marubuciya ce. Har yau babu wanda ya san ko wace ce, kuma masana sun tafi a kan cewa zanen na daga cikin irin waɗanda masu zanen Holan ke yi don nazarin fuska da baƙuwar sutura, ba don adana kamannin wani takamaiman mutum ba.

A nan ne abin ya yi daɗi. Abin da ke kan yarinyar ba ado ne na matan Holan na wancan zamani ba. Ɗauri ne irin na mutanen gabas, wanda Turawan lokacin ke dangantawa da Turkawa, kuma a lissafin kayan gadon Vermeer an ambaci zane biyu na fuskoki masu shigar Turkawa. Hasali ma sunan da aka daɗe ana kiran zanen da shi shi ne yarinya mai rawani, kafin lu'ulu'un ya ƙwace sunan a ƙarshen ƙarni na 20. Wato ke nan ita kanta yarinyar shigar aro ta yi. Baturiyar da ta naɗa tawul a kai a 2020 tana kwaikwayon wata Baturiya ce da ta kwaikwayi matan wata ƙasa da wataƙila ba ta taɓa takawa ba.

Lu'ulu'un ma akwai magana a kansa. Binciken da gidan tarihin ya gudanar a 2018 da na'urori, aka bayyana sakamakonsa a 2020, ya nuna cewa ɗan kunnen ba shi da ko maƙalin da zai riƙe shi a kunne; 'yan shafe-shafen farin fenti ne kawai, idon mai kallo ke ƙarasa sauran. Tun kafin nan wani masanin taurari ɗan Holan, Vincent Icke, ya yi jayayya a 2014 cewa irin ƙyallinsa ya fi kama da na gogaggen ƙarfen kuza. Binciken ya kuma gano cewa yarinyar tana da gashin ido da ya dushe, kuma baƙin da ke bayanta asalinsa koren labule ne da ya rine da daɗewa, wanda a cikin haɗinsa akwai shuni, ɗan'uwan wanda marina ke aiki da shi. Shuɗin ɗaurin kan kuwa daga wani dutse mai tsada aka niƙo shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Afganistan.

To, wadda aka ce ta yi kama da wannan yarinya, me take bukata? Kusan duk abin yana cikin akwatin kowace mace a ƙasar nan. Shuɗin ɗankwali da za a ɗaure ya rufe gashi da rabin goshi, sai wani ƙyalle ruwan ɗorawa da za a ƙulle a tsakiyar kai a bar jelarsa ta sauka ta baya, sai riga mai kauri ruwan ƙasa da ɗan fari a wuya, da ɗan kunne babba mai sheƙi. Ragowar aikin na tsayuwa ne. A rataya baƙin ƙyalle a bango, a tsaya kusa da taga yadda haske zai bugi fuska ta gefe guda, a kashe fitilar ɗaki, a ba mai ɗaukar hoto kafaɗar hagu, sannan a waiwayo kamar wadda aka kira sunanta ba zato, baki a ɗan buɗe. Na tabbata matanmu da ke ɗaura kallabi kullum safiya za su fi Turawa iya wannan ɗauri nesa ba kusa ba.

Abin da ba a bukata shi ne sauya launin fata, kuma wannan magana ina yin ta ne da gangan, ganin yadda man bilicin ya yi wa 'yan mata da yawa illa. Babu dalilin da zai sa mace ta lafta farar hoda har ta koma kamar fatalwa don wai ta yi kama da wata 'yar Delft. A 2009 wani mai ɗaukar hoto haifaffen Habasha da ya tashi a Amurka, Awol Erizku, ya ɗauki wata baƙar mace da wannan ɗauri da wannan waiwaye, ya saka mata babban ɗan kunne irin na 'yan matan unguwannin baƙaƙen fata, kuma duk wanda ya ga hoton nan take yake gane abin da ake nufi. Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren: Baturen da ya shafa baƙin fenti a fuska don ya kwaikwayi baƙin mutum ya tsokano tsohon miki, domin da irin wannan shafe aka daɗe ana yi wa baƙar fata izgili a dandamalin wasanni na Amurka da Turai.

Gidan tarihin Mauritshuis da kansa ya shiga wasan. A 2023, lokacin da ya ba da aron zanen ga babban baje kolin ayyukan Vermeer da aka yi a Amsterdam, sai ya nemi jama'a su aiko da nasu kwaikwayon don a cike gurbin, aka samu kusan 3,500. Rigima ta tashi da aka ga cewa ɗaya daga cikin waɗanda aka rataya ƙirƙirarriyar basirar kwamfuta ce ta haɗa shi, masu zane suka ce an ci musu fuska. Ina ganin suna da gaskiya, ko ba komai wadda ta tsaya gaban madubi tana fama da ɗankwali ta kalli zanen da kyau kafin ta kwaikwaye shi.

Ga ma'aurata kuwa, Amurkawa suna da nasu zanen na 1930, wanda Grant Wood ya yi, na wani dattijo mai tabarau riƙe da cokali mai yatsu uku na kwasar ciyawa, da wata mata a gefensa, dukansu sun murtuke fuska a gaban wani farin gidan katako. Gidan yana nan a ƙauyen Eldon na jihar Iowa, har akwai ofishin baƙi da ke ba masu ziyara aron suturar da cokalin su ɗauki hoto. Abin dariyar shi ne mutumin ba manomi ba ne, likitan haƙorin mai zanen ne, matar kuma ƙanwar mai zanen ce, wadda ta yi ta nanata cewa 'yar dattijon aka nufa ba matarsa ba. Ma'auratan da ke wannan shiga suna kwaikwayon aure ne da ba a taɓa ɗaurawa ba.

Lamarin Frida Kahlo ya fi wannan nauyi. Wannan mai zane 'yar ƙasar Meziko, wadda ta rayu daga 1907 zuwa 1954, ta yi ta zana kanta da kanta, kuma shigarta tana da sauƙin ganewa: furanni a kan kitso, gira a haɗe, doguwar riga mai ado irin ta matan yankin Tehuantepec. A 2017 mutane sama da 1,000 suka taru a gidan tarihi na birnin Dallas cikin wannan shiga don cikarta shekara 110 da haihuwa. Amma da yawa daga masu liƙa furanni ba su san cewa shan-inna ya kama ta tana ƙarama ya tsotse mata ƙafar dama ba, sannan hatsarin mota ya ragargaza ta a 1925, har aka yanke ƙafar a 1953. Dogon siket ɗin nan yana rufe ƙafar ne, faffaɗar rigar kuma tana ɓoye ɗaurin da likitoci suka yi wa bayanta, baya ga cewa ta zaɓi suturar ne don nuna alfahari da 'yan asalin ƙasarta. An kulle kayan sawarta a wani ɗaki na gidanta har shekara hamsin, sai a 2004 aka buɗe. Wanda ya san wannan ba zai hana kansa yin shigar ba, amma da wuya ya mayar da haɗaɗɗiyar girar abin ba'a.

Yanzu mu koma kan ƙorafin nan na 2018, wato ina namu fuskokin? Suna nan, sai dai a nema. A lokacin kullen korona wani mawaƙi baƙar fata ɗan Ingila, Peter Brathwaite, ya ɗauki wasan Getty ya juya shi, ya riƙa tono zane-zanen baƙaƙen mutane da aka manta da su a gidajen tarihin Turai yana kwaikwayonsu ɗaya bayan ɗaya da kayan gidansa, har aikin ya zama littafi a 2023. Kafin shi, a 2014, Omar Victor Diop na ƙasar Senegal ya yi irin wannan a jerin hotunan da ya ɗauki kansa cikin shigar fitattun 'yan Afirka da suka rayu a ƙasashen waje, yana ƙara wa kowane hoto wani abu na ƙwallon ƙafa. Daga cikin waɗanda ya kwaikwaya akwai mutumin da ya kamata kowane mai karatun wannan shafi ya san labarinsa.

Ayuba Sulaiman Diallo Bafulatani ne, ɗan malami, daga ƙasar Bundu da ke gabashin Senegal ta yau. Wajen 1730 ya je bakin kogin Gambiya fatauci, kuma gaskiyar da ba a cika son faɗa ba ita ce har da bayi ya je sayarwa. A hanyar komawa aka kama shi, aka sayar da shi, ya tsinci kansa a gonar taba a Maryland ta Amurka. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta faɗa hannun wasu manyan Ingila, suka yi mamakin iliminsa, aka kawo shi Landan a 1733, aka tara kuɗi aka fanshe shi, ya koma gida a 1734. A zamansa na Landan ne William Hoare ya zana shi. Kamar yadda Thomas Bluett, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ruwaito, da farko Ayuba bai so a zana shi ba, sai da aka tabbatar masa don tunawa da shi kawai ake so. Da ya yarda sai ya kafa sharaɗin cewa da suturar ƙasarsu za a zana shi, ba da kayan Turawa ba. Mai zanen ya ce ba zai iya zana abin da bai taɓa gani ba, Ayuba kuwa ya mayar masa da tambayar yadda wasu masu zanensu ke iya zana Ubangijin da babu wanda ya taɓa ganinsa. A ƙarshe da baki ya siffanta suturar aka zana.

Abin da ya fito shi ne saurayi mai sanyin fuska da farin rawani da farar riga, da jar gafaka rataye a wuyansa. Ana ɗaukar sa a matsayin zane mafi daɗewa da aka sani a Birtaniya na wani Musulmi baƙar fata da ya fito daga bauta, wanda aka zana shi a matsayin mutum mai daraja. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Katar ta saye shi a gwanjo a 2009 a kan sama da fam 500,000, gwamnatin Birtaniya ta dakatar da fitar da shi, daga bisani aka daidaita a kan a ba gidan adana hotunan fitattun mutane na Landan aronsa. Duk wanda ya kalli wannan fuska zai ce ya taɓa ganin ta a kasuwar Kurmi ko a wani masallaci a Yola. Saurayin da ke neman shigar da zai yi a ranar al'adu ta makaranta ba sai ya ari kwat da hular Bature ba, ga wanda ya ƙi su tun 1733. Sharaɗi ɗaya dai: gafakar ta kasance babu komai a ciki, domin abin da Ayuba ya rataya ba kayan wasa ba ne.

Ga mata kuma akwai Tutu. Ben Enwonwu, mutumin Onitsha, ya zana Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, a shekarun 1973 da 1974, jim kaɗan bayan yaƙin basasa, kuma kasancewar Ibo ne ya zana Bayarabiya ya sa aka ɗauki zanen alamar sulhu, aka yi ta buga kwafinsa ana ratayawa a gidaje. Ita ma waiwaye ta yi ta kan kafaɗa, da ɗaurin kai da mayafi, ta yadda duk shirin da aka yi don 'yar Delft, na baƙin bango da hasken taga, zai yi aiki a nan ba tare da an sauya komai ba sai ƙyallen. Guda uku Enwonwu ya zana, duka suka ɓace. A ƙarshen 2017 aka gano na 1974 rataye a wani gida a arewacin Landan, aka sayar da shi a gwanjo ranar 28 ga Fabrairun 2018 a kan fam miliyan 1.2, ana nuna cinikin kai tsaye ga masu saye da suka taru a Legas.